Fuskarka a Cikin Idona

Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, da hantsi, aka kira ni aka ce ka rasu, Baba mai hoto. Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Kwana biyu kacal kafin nan ina tsaye a gabanka, jikin farin bangon nan na bayan tasha inda kake kai mu.

Mu 'yan wasan kwaikwayo, "Jira Tukuna" muke kiranka, don ba ka yarda da fitilar kyamara ba. Sai ka tsayar da mutum a inuwa, ka shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa ya maido haske fuska, ka zuba wa sama ido har gajimare ya gifta. Na taɓa yi maka tsiya cewa kwalliyata za ta narke kafin ranarka ta shirya. Ka ce, "'Yata, wannan fuskar ta fita unguwa ce. Taki nake jira." Na cika na yi fam, amma da hoton nan na samu wasana na farko.

Shekara talatin kana ɗaukar fuskokin mutane, taka ka hana a ɗauka. Da na je gaisuwa, matarka ta riƙe hannuna ta ce, "Ban da na katin shaida da ya koɗe, ba mu da ko ɗaya. Me zan nuna wa jikokinsa?"

Sai na tuna ka taɓa nuna min cewa duk wanda aka ɗauka a sarari, mai hoton yana cikin ƙwayar idonsa. Na buɗe hotunana a kwamfuta ina ƙara girman idona. Ga ka nan kuwa ɗan mitsitsi a kowanne, sai dai kyamara ta rufe maka fuska. Ban da na ƙarshe, na ranar Litinin. Ga titi, ga ƙyalle, ga ka tsaye hannuwanka a sake, kyamara rataye a ƙirjinka. Mu biyu ne a wurin, Baba. Wa ya danna?

Kwana uku ina shawarar ko in kai wa matarka hoton. Na buga shi a takarda na kai. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ai idonsa a rufe yake. Haka na same shi a kujera ranar Laraba." Na miƙa hannu in karɓe, ta manna shi a ƙirjinta. "Bar min. Shi ne dai."

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Mama, ke da 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba ku juriyar wannan rashi, mu kuma Ya kyautata ƙarshenmu.