Gayyar da Na Kira wa Andarawus

Andarawus yayan matata ne, manomi a gefen Ibeto, mai bijimai biyu na huɗa. Ba shi da surutu, amma kai, akwai taurin kai! Kowane rani bijiman nan sai sun rame har ka ƙirga haƙarƙarinsu. Wata shekara babban ya faɗi a bakin rijiya, sai da ƙarti shida suka ɗaga shi.

Shi ya sa bara, da aka kira manoma Kontagora koyon noman ciyawar dabbobi, ya hau babur ya tafi. Kwana uku malamin gona yana nuna musu yadda ake shuka gamba, a yanke ta tana ɗanya, a shanya, a ɗaure a ajiye don rani. Da ya dawo ya ba mu labari, muka yi ta dariya. Na ce, "Haba Yaya, ciyawar da muke yaƙi da ita tun muna yara, ita za ka shuka?" Bai ƙara tayar da maganar ba. Ashe ya shuka rabin gonarsa ta bayan rafi, ko matarsa Fure bai gaya wa ba.

Cikin Agusta zazzaɓi ya kwantar da shi asibiti sati uku. Na bi ta gonar, na ga gamba har ƙugu, tausayi ya kama ni. Ranar Lahadi bayan sujada a coci na miƙe na kira gayya. Washegari mu ashirin muka fita da fartanya, har da maƙwabtanmu Musulmi. Maƙwabciyarsa Ruth ta ce, "Wannan ciyawa a jere take fa." Na ce ta yi aiki ta rage baki. Muka tumbuke ta har saiwa, muka watsa a rafi.

Da aka sallamo shi, ni da kaina na kai shi ya gani, ina ta washe baki. Ya daɗe tsaye yana kallon wurin fetal, sannan ya ce, "Sannunku da aiki. Allah ya saka." Sai a lokacin na tuna maganar Ruth, na gane shuka ciyawar ya yi.

Babban bijimin bai kai damina ba, a Afrilu ya mutu, kuma ɗaya ba ya jan garma shi kaɗai. A bana, da hannu Andarawus yake huɗa, da furfurarsa. Har yau bai ce mini uffan ba, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.