Tsohon Bakin Ramin Tsakuwa

A bayan garin Nguru, ramin da ake haƙar tsakuwar hanyar Gashuwa ya ci har kusa da dangar gidajen ƙarshe. Dattawan unguwa sun zo sun yi wa helma, shugaban leburori, dogon jawabi sun tafi, aiki bai tsaya ba.

Akwai wani tsoho mai gida a bakin ramin, Mudi lebura bai san sunansa ba. Gajere ne, kafaɗarsa ɗaya a karkace, tafin hannunsa ya yi kanta irin ta mai jan taru. Wataƙila ruwa ya taɓa raba shi da wani gida, shi ya sa ba ya ɓata bakinsa. Yana tsintar duwatsun da aka watsar, yana jera su tsakanin ramin da dangarsa, har da ɗan lungun liman ta gabas. Ya share ciki, ga masallaci.

"Baba, nan fa za mu sara gobe," in ji helma.

"To, ɗana. Ku sara."

Helma ya dubi leburorinsa. Mudi ya jingine diga, ya tafi alwala. Azahar ta yi, suka yi salla a ciki, kuma babu leburan da zai sari inda ya sa goshinsa.