Amsar da na kai Bagudo a kan babur

Duk watan Disamba wani shafin intanet yakan saki matsala guda kowace safiya, ka rubuta 'yan layukan umarni, na'ura ta warware. Ni da waya nake yi. Lokacin yankan shinkafarmu ke nan, gonar kuma tana bakin iyaka, inda waya ke sakin layin Najeriya ta kama na Benin, data ta mutu.

Wata rana na sha wuya na fitar da amsa, jikina duk ƙaiƙayi. Na yar da lauje, na hau babur har Bagudo don in tura. Shafin ya ce ba daidai ba ce.

Da na dawo gona, yayana na ta yankan shinkafa. Ya ce, "Malam, ɓangarenka na nan yadda ka bar shi."