Kwalaye biyu a ƙarƙashin kantar Baba Sikeli

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, wajen ƙarfe biyu na rana, Allah ya karɓi ran ma'aikacin gidan wayan nan da muke kira Baba Sikeli. Ya yanke jiki ya faɗi a tashar mota, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ni ban ji ba sai ranar Alhamis, an riga an kai shi makwancinsa. Ina kan keken ɗinki aka gaya mini. Na ce Allah ya jiƙansa, na ci gaba da taka keke har na gama bakin rigar da ke hannuna. Har yau da nake wannan rubutu hawaye bai zo mini ba.

Baba, ni ce telar nan da kake kira Uwar Soja. Wata goma sha huɗu ke nan da aka tura ɗana aiki wata ƙasa, ɗan da ba ni da wani sai shi. Inda suke waya ba ta cika shiga ba, sai a yi mako biyu ko uku kafin in ji muryarsa na minti biyar. Saboda haka kowane farkon wata nake ɗaukar kwali in zo tagarka, taga ta ƙarshe kusa da ƙofar baya, inda ake karɓar saƙon sojoji.

Ranar da na fara zuwa faɗa muka yi. Ka ɗora kwalina a kan sikeli, ka leƙo ni ta saman tabarau, ka ce, "Kilo biyu doka ta ce. Ke kuma kin kwaso gidanki kaf, saura ƙyauren ɗaki." Na ce maka ai ba kai za ka ɗauka a ka ba. Sai ka sa reza ka yanke salatif ɗin da na ɓata awa guda ina naɗawa, ka baje kayan a kan kanta a gaban mutane. Ka ware kwalbar turare da man shafawa, ka ce duk abin da zai zube ba ya hawa jirgi. Ka cire sabulu daga kwalayensa, ka cusa shi cikin safa. Ka shimfiɗa wasiƙata a can sama, ka ce ita zai fara nema. Da ka mayar kan sikeli, allura ta tsaya a kan biyu cif. Na fita ina ƙunƙuni, kuma tun daga ranar ban ƙara naɗe kwali a gida ba.

Haka kake da kowa. Ka san matar da ba ta iya rubutu ba, ka rubuta mata adireshi ba tare da ta roƙa ba, kana cewa hannunka ne ke ƙaiƙayi. Ka haddace lambar rundunar yaranmu fiye da mu iyayensu. Wata rana jikata ta zana wa ubanta hoto a kan katako, nauyin ya wuce da kaɗan. Ka daɗe kana juya katakon, sannan ka ce in fitar da ganyen shayi, shayi akwai shi ko'ina, wannan kuwa babu.

Akwai wata ɗabi'arka da duk mu masu zuwa tagar nan muka sani, amma ba ma zancenta. Wani lokaci kwali yakan dawo daga can, da jan hatimi a kansa: ba a sami mai shi ba. Ƙa'ida ita ce a aika wa mai saƙo takarda ya zo ya karɓi kayansa. Kai ba ka yin haka. Sai ka tura kwalin ƙarƙashin kanta, ka tafi ofishin da ke kula da iyalan sojoji ka tambayi dalili. Sau da yawa canja wa yaro wuri aka yi, sai ka liƙa sabon adireshi ka sake turawa, iyaye ba su ma sani ba. In kuwa ɗaya labarin ne, sai ka jira hukuma ta sanar da iyali, sannan ka ɗauki kwalin da kanka ka kai. Na gan ka da idona a ƙofar maƙwabciyata, matar wani direban soja, ka rungume kwali a ƙirji, ka cire tabarau. Ka taɓa ce mini bai kamata uwa ta ji irin wannan daga bakin hatimi ba.

Ganina da kai na ƙarshe ranar Litinin ne, shida ga wata. A lokacin na yi mako biyar ban ji ɗana ba, na kuwa gaya maka. Ka ce in kwantar da hankalina. Ka auna kwalin wannan watan, ka tsokane ni cewa na fara koyon aiki, saura kaɗan in ƙwace maka kujera. Na lura ba ka ɗago ido sosai ba, na ɗauka gajiya ce.

Ranar Juma'a, kwana uku da rasuwarka, takarda ta same ni a shago. Abokiyar aikinka mai sayar da kan sarki ce ta share ƙarƙashin kantarka, ta bi ƙa'ida kamar yadda aka koya mata, ba ni da abin da zan ce da ita. Da na je ta miƙo mini kwalaye biyu. Ɗaya na watan jiya, da jan hatimi a kansa. Ɗaya na wannan watan, wanda ka auna kana yi mini wasa, ko buhun saƙo bai shiga ba. Ashe ranar nan na farkon yana wajen ƙafafunka.

Na ɗauko su na dawo gida, na ajiye a kan teburin yanka. Ofishin iyalai ya tashi, sai Litinin. Na dafa abinci, na yi wa jikata wanka, na ɗinka maɓallai. Ranar Asabar na yanka yadin wata mata a karkace, na tsaya ina kallonsa, ban ji komai ba. Ban gaya wa surukata ba. Ban san me zan ce mata ba, tunda ni ma ban san ko ina da ɗa ko ba ni da shi ba.

Ranar Lahadi na je gidanka gaisuwa, don ban san inda zan sa kaina ba. Na zauna cikin mata. Da na faɗi ko ni wace ce, sai matarka ta kama hannuna ta ja ni ɗaki.

"Ke ce Uwar Soja? Tun ranar nake cigiyarki, an san unguwarku amma ba wanda ya san gidanki."

Ta ɗauko wata takarda a ninke, ta ce a aljihun rigarka aka same ta. Ta ce sau uku kana zuwa ofishin nan a lokacin hutunka na rana, ana ce maka ka dawo. Ranar Talata aka ba ka amsa.

"Layin motar da ya faɗi ba na wurin aikinsu ba ne, 'yar'uwa, ba kuma na nan gidan ba ne. Na unguwarku ne."

Na buɗe. Rubutunka ne, manyan baƙaƙen nan da kake yi a kan kwali. Ka rubuta: Uwar Soja. Yana da rai. Rauni a ƙafa, yana asibitin soja. A ƙasa kuma sabon adireshi, ka ja layi biyu a ƙarƙashin lambar.

Na karanta sau uku. Matarka ce ta yi kukan, ni ina riƙe da ita. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na san ko kana kan kujerarka zai same ka. Duk da haka ba zan ɓoye ba, abin yana tsaye mini a ƙirji, cewa a kan hanyar gidana ka faɗi, cikin rana, da cikinka babu abinci.

Ranar Litinin na koma tagarka. Wani ne a kan kujerar, mutum mai kirki, bai san ni ba. Na kwafi adireshin daga takardarka harafi bayan harafi. Ya ɗora kwalayen a kan sikeli ɗaya bayan ɗaya, kowanne kilo biyu cif, ya ce wanda ya shirya waɗannan ya san aiki. Na ce masa haka ne. Shekaranjiya ɗana ya kira daga gadon asibiti. Cikin hira ya ce in gaida Baba Sikeli, mutumin da bai taɓa gani ba sai rubutunsa. Na ce masa to.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka da jikokinka, da abokan aikinka, da duk iyaye da matan da suka taɓa tsayawa a tagar nan da kwali a hannu. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ka ƙare rayuwarka kana rage wa mutane nauyi, Baba. Ranar da za a ɗora ayyukanka a kan mizani, Allah ya sa naka ya yi nauyi, kada a cire ko ɗaya. Amin.