Gogen Abdulilah a Motar Nama

Abdulilah ɗan maƙwabciyata Sa'adiya ne a unguwarmu ta Ka'akiyya. Tun yana ƙarami yake goga wannan gogen Turawa da 'yan nan ke kira kamanja. Ni ban taɓa son ƙararsa ba. Amma na ga yaron yana tsayuwa a kai kullum har yatsunsa suka yi kanta, kuma ni aiki nake girmamawa, ba baki ba.

Da ya shiga jami'a, sai hukumomin jami'ar suka ɗauki nauyin karatunsa wajen wani malamin kiɗa a Jidda, suka kuma ba shi aron goge mai kyau. Wani jami'insu, Ustaz Hatim, ya zo har gida ya sha shayi, ya cika mu da surutu: Abdulilah ɗansu ne, ba za su taɓa sakinsa ba. Sharaɗi ɗaya ne. Bayan Hajji zai yi kiɗa a gaban malamai, in ya gamsar da su a ci gaba.

To, a danginsu duk namiji yana fita aikin Hajji. Kawunsa Mahmudu, yayan Sa'adiya, shi ke da kwangilar dafa wa alhazai abinci a Arfa, ni kuma nake kan tukwane. Abdulilah ya roƙi a ɗaga masa bana.

"Ya walad, kai yaro, ubanka ma da ciwon ƙafa ya fita," in ji Mahmudu. "Kai don za ka yi wa Turawa kukan kyanwa? Yalla, shiga mota."

Ya shiga, amma da gogen a cikin buhun albasa. In an sami sarari sai ya ɓuya bayan buhunan shinkafa, ya maƙala abin shanya tufafi a kan gogen don ya danne sautin, ya yi ta goga. Mu da ke kusa ma da ƙyar muke ji.

Mish'al, ɗan Mahmudu, shi ya kai tsegumi. Mahmudu ya zo yana huci.

"Goge a Arfa? So kake a karɓe mini kwangila, a ce Hausawa sun kawo biki?"

"Kawu, ba nawa ba ne, na jami'a ne. Bari in mayar gida."

"Ka mayar da ƙafa? An rufe hanya. Mish'al, kai shi barrada."

Barrada ita ce motar sanyi da muke ajiye nama. A wurinmu duk abin da ake tsoron rana ta lalata can ake jefa shi: magani, turare, har wayoyi. Mish'al ya ɗauka ma alheri ya yi. Aka kulle, Mahmudu ya sa makulli a aljihu. Abdulilah ya bi shi yana cewa itace ba nama ba ne, shi kuwa ya tura shi yankan albasa.

Sai da alhazai suka wuce Muzdalifa, muka kwashe kaya, sannan washegari da rana aka buɗe motar. Mish'al ya fito da gogen daga ƙanƙara ya ajiye a kan kwalta, cikin ranar da ke narka takalmi. Gogen ya yi gumi kamar mutum. Kafin Abdulilah ya iso, bayan gogen ya tsage, wuyan ya saki.

Mahmudu ya leƙa ya ce, "Halas, an gama. Allah ya raba ka da wahala."

Ni na kai yaron jami'a a motata. Ustaz Hatim ya bar mu a tsaye. Ya juya gogen da yatsa biyu, ya ce tsarin tallafinsu ba ya ɗaukar wanda bai san darajar kaya ba. Abdulilah ya ce a ba shi wani na awa ɗaya kawai, ya yi kiɗan, su yanke hukunci da kunnensu. Ustaz Hatim ya ce ba a yin haka. Ɗan nasu kenan.

Yanzu Abdulilah yana sharar shagon malamin nan na Jidda, yana ɗauke masa kaya, shi kuma yana koya masa da wani tsohon goge. Hajjin da ya biyo baya Mahmudu ya aiko a kira shi. Sa'adiya ce ta fito bakin ƙofa ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce wa Yaya ya nemi wani mai yanka albasa."