Teku a Kan Dutsen Idlès

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Isufu ya shigo shagonmu neman guzurin karatu ba. Farkon watan Yuni ne, lokacin da garin Tamanrasset, can cikin hamada, yake lumshe ido. 'Yan yawon buɗe ido sun daina hawa dutsen Assekrem, an rufe lekkol, wato makarantun boko, in azahar ta yi ko kuda ba ya son tashi.

Ku da kuka zo bayana ba ku tarar da shagon yadda yake a da ba. Tsofaffin littattafai muke sayarwa, muna kuma ba da aro ga wanda muka sani. Alhaji Sanusi mutumin Damagaram shi ne maigida, ni ne mai tsaron kanta. Ƙa'idarsa ita ce, duk aron da zai fita gari, ni zan zaɓa, shi zai duba kafin a ɗaure.

Isufu magini ne daga Maradi. An dakatar da wani gini a kan dutse bayan ƙauyen Idlès saboda zafi, aka ba shi gadin kaya har kaka, shi kaɗai, sai motar ruwa jefi-jefi. Bara ma ya yi wannan gadin, kuma kowa ya san yadda ya sauko: ido a zurme, yana gaida duwatsu yana jiran su amsa. Ya tsaya gabana yana murza hula.

"Habu, ina tsoron kaina," ya ce a hankali. "Ba ni abin da zai tuna mini gida."

Tausayinsa ya kama ni. Na kwaso masa labaran Hausa zalla, na soyayya da na zaman ƙauye, na jera ina jin na yi abin kai. Alhaji ya ajiye kofin shayinsa, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.

"Kai Habu, mutum yana kukan ƙishirwa ka cika masa jaka da gishiri? Kewar gida ce ta kusa zauta shi."

Raina ya sosu, don ni ma a lokacin kewar nan ita ce abincina.

Alhaji ya bar masa guda ɗaya. Ya ƙara ɗan littafin addu'o'i na ajami, da na barkwanci, da wani na noman lambu da faransanci mai sauƙi, tunda Isufu ya ɗan taɓa lekkol. Sai ya taka kujera ya sauko da wani babban littafi da wani baƙo ya bari, wanda babu komai a ciki sai hotunan teku da jiragen ruwa.

"Alhaji, ni da ko kogin Kwara ban taɓa gani ba?" in ji Isufu.

"Shi ya sa. Na gidan kuwa, kada ka buɗe shi sai ka ji tafiya ta kusa."

Duk bazarar nan, in rana ta take kasuwa ta mutu, sai in kifa kai a kanta in hango Isufu a zuci. Ga shi can a inuwar bulo, ga baƙaƙen duwatsu sun kewaye shi, iska tana juya masa shafi. Wani lokaci in ga yana dariya. Wani lokaci in ga yana gaida dutse, sai gabana ya faɗi.

Da kaka ya dawo. Ya rame, amma idonsa tar. Ya dire mana littattafan, da ɗan ƙullin tumatir da ya shuka da ruwan alwalarsa. Littafin tekun ya yi laushi kamar tsohon zane.

"Da tsakar rana kawalwalniya kan cika kwarin da ke ƙasana," in ji shi. "Bara ita ke firgita ni. Bana sai in buɗe littafin, in zauna bakin ruwana ina kallon jirage suna wucewa har la'asar."

"Duwatsun fa?" Alhaji ya tambaya.

"Ban samu lokacinsu ba, Alhaji."

Alhaji ya yi dariya har da hawaye. Ni kuwa a ranar na gane aikinmu ba miƙa wa mutum abin da ya roƙa ba ne kawai, sai ka duba inda za shi da abin da zai tarar can. Da aka tashi rufe shago, na roƙi Alhaji aron littafin tekun, don ni ma shekaruna da yawa ban ga gida ba.