Dinko, Mai Girgiza Komai

Ina gasa kifi a tsakar gida maƙwabciyata Nevenka ta leƙo ta kan katanga, ko gaisuwa babu. "Roko, abokinka ya rasu. A kan rufin gidan malamar makaranta zuciyarsa ta tsaya." Hawaye suka zubo mini, amma Allah ya sani haushi ya fi yawa.

Dinko mai gyaran rufi ne. Tare muka taso a ƙauyen nan na bakin teku, inda iskar da ake kira bura kan sauko daga dutse ta yaye rufin mutum yana cikin cin abinci. Shi ke ɗora duwatsu a kan tayil ɗin rufi yana ɗaure su da siminti. A wurinsa abu kashi biyu ne: wanda aka ajiye, da wanda ya kafu. Kafaffe kuwa sai wanda ya kama da hannu biyu ya jijjiga, ya rataya nauyinsa a kai, bai motsa ba. Har bencin coci bai tsira ba. Ranar bikin 'yata ya gwada sandar rumfa, rumfar ta rufto kan dangin ango. Teburin lambuna ya dasa wa ƙafafu a siminti ba da izinina ba, ga shi har yau cikin rana muke cin abinci.

Duk da haka, ba rufin da ya taɓa da iskar bura ta ɗaga. Gwauraye mata kuma ko kofin gahawa ba ya bari su biya shi da shi.

Bara likita ya ce ya bar hawa. Matarsa Zorka ta ɓoye tsani, ya je ya aro. Na bi gida-gida ina roƙon kada a ba shi, sai ya ƙera sabo.

Ranar Talatar da ta gabaci rasuwarsa na ji motsi a saman rufina, na fito.

"Kai, tsohon jaki, sauko! Wa ya kira ka?"

"Tayil ɗinka ne ya kira ni. Tun daga hanya nake jin kukansa."

"Ya tashi mana! Rufi ana sayensa a kasuwa. Kai fa, ina zan samo wani?"

Ya leƙo ni ta bakin rufin.

"Ji mai ƙaton ciki zai yi kuka. To riƙe mini tsanin."

"Na riƙe."

"Da hannu biyu, Roko."